Bikin Tsoho da Yajin Zinariya

"Lahiya lau. Ina ɗari?"

"Ɗari lokacinai ne. Kai da kaz zo gaisuwa hannuwa cikin aljihu kamar kumandan, mi anka yi? Ba ka zuwa ƙohwar ɗakina sai da dalili."

Zinariya ba ta ɗaga kai ba. Tana zaune inda hantsi ya fara sauka, ta lulluɓa da zane biyu, kaskon wuta a gefen ƙafarta, tana dunƙula gabu, ganyen albasar da ta daka jiya, tana jerawa a tabarma don ya bushe. Wanda ke tsaye a kanta jikanta ne, ɗan Muhammadu, ɗanta. Sunan marigayi mijinta aka sa masa, don haka ba mai kiran sunan a gidan, Tsoho kowa ke ce masa tun yana goye. Yana karatu a koleji a Tawa, ya zo gida Tamaske hutun ƙarshen shekara. Ubansa ya tafi cin rani Abijan tun da aka gama girbi, ya bar rumbu da kaji da komai a hannun tsohuwa. Ko Hasana, uwar yaron, sai ta tambaya kafin ta taɓa damin gero.

"Haba amarya," in ji Tsoho, "miji ba shi zuwa ganin matatai haka nan?"

"Mijin da ko ɓarin goro bai taɓa kawo min ba. Zauna, kana tare min rana."

Ya tsuguna, ya ɗan ja baya daga tabarmar gabu.

"Kaka, anibarser nika so in yi."

"Wa anka bari?"

"Ba a bar kowa ba. Anibarser. Bikin ranar haihuwa."

Hannunta ya tsaya. "Wa ta haihu? Hasana? Ina cikin gidan ga ban sani ba?"

"Ni anka haiha."

"Yau?"

"Shekara goma sha shida ke nan."

"To barka, Allah shi raya. An yi suna, an yanka rago, na ci nama, haƙorana ma lokacin suna nan. Tashi ka ba ni wuri."

Bai tashi ba. Ya shiga yi mata bayani yana sosa ƙeya. A Tawa gidan wani ma'aikacin asibiti yake zaune, ɗan gidan mai suna Rabo ajinsu ɗaya. A gidan yake ci, a gidan yake kwana. Watan jiya an yi wa Rabo irin wannan biki, aka ci aka sha, shi kuma da daɗi ya ɗebe shi sai ya miƙe a gaban kowa ya ce duk su zo nasa a Tamaske, su ga yadda ake yi. Ya ɗauka maganar za ta bi iska. Jiya direban motar kasuwa ya kawo saƙo: Rabo na tafe jibi, tare da waɗansu abokansu na Keita.

"Jibi!" Zinariya ta jefar da dunƙulen da ke hannunta. "Kai yaron ga, bakinka ya hi ka girma. Tsaya ma tukuna. Wa yac ce maka cikin ɗari anka haihe ka?"

"Diraktan lakwal, shugaban makarantarmu. Ranar hwarko ta sabuwar shekara."

"Diraktan ne yak karɓi haihuwar? Ni nika ɗakin. Ruwa anka kwana yi, ɗaki na yoyo, kwaɗi na kuka a tabki, kai kana taya su. Har yau ban gane muryar wa tah hi muni ba."

"Dut ajinmu ranar anka ba mu, ban da Rabo da anka haiha a asibiti."

"Dut ajinku rana guda? Ashe ungozomomin Adar sun ga ta kansu ran nan."

"Kaka, don Allah."

"Ka jira damina, in kwaɗi sunka hito ku yi bikinku tare."

"Da damina ina lakwal ko ina gona. Kuma na riga na hwaɗa."

"Mutum tun ran suna ana ce mai Tsoho, yanzu kuma shina neman a taru a tabbatar. To ina za ku zauna? Zaure iska kamar ana hura zuga-zugi."

Tsoho ya dubi ƙofar da ke bayanta. Ɗakin Zinariya soro ne mai kaurin bango, shi kaɗai ne a gidan da sanyi ba ya ratsawa.

"A'a," ta ce tun bai buɗe baki ba.

"Wuni guda ne."

"Gadona hwa? Tukwanena? 'Yar akuyar da nika kwana da ita saboda ɗari?"

"A ɗaure ta a waje."

"Ita ta hi ka amfani, uwatta na ba ni nono. Kai mi kat taɓa ba ni ban da ciwon kai?"

"Na ba ki suna. Da ba don ni ba wa za shi aure ki da bakin ga ba haƙori?"

"Na ga samari kahin a haihi ubanka. Kai ko a gwanjon maza ba ni ɗaukarka, wuya kamar na zalɓe. Mi za su ci?"

"Da hwarko dai sai an yi gato."

Zinariya ta dafe ƙirji, ta waiga dama da hagu ko wani ya ji.

"A'uzubillahi! Je ka wanke bakinka! Abin da anka aike ka Tawa ka koyo ke nan?"

"Kaka, abinci ne! Da Faransanci ne! Kamar burodi, amma da sukari da ƙwai."

"Su ci abinsu can. A gidan ga kada ka sake kiran sunan. Ubanka ba shi nan, amma muciya na nan."

"To mi za a yi a madadinai?"

"Masa. Masar shinkahwa da zuma. Wanda bai ci ba shi koma Keita."

Ya yi tunani, ya ga ba laifi. Ya ce to sai dai a yi guda babba, mai faɗin faifai, saboda a kanta za a kafa kyandir goma sha shida, kowace shekara da nata.

"A kahwa cikin abinci?"

"Awo. A kunna."

"To, ko banza kun ji ɗumi. Sannan?"

"Sannan in hure su dut da iska guda, su mutu, a tahwa min."

Ta daɗe tana kallonsa.

"Bari in ji da kyau. Cikin ɗarin ga da mutane ka bi gida gida da sakaina suna roƙon garwashi, kai za ka kunna wuta har goma sha shida, ka kashe da bakinka, ka tohwa ma masata yawu, kuma a tahwa maka?"

"Haka aka yi."

"Nasara ya tahi, ya bar mana haukatai a kan 'ya'yanmu. Sai mi kuma? Hwaɗa min dut, in mutu sau ɗaya."

Ya faɗa mata. Zai aro fono, akwatin nan mai waƙa, wurin malamin lakwal. A jiƙa tsamiya da sukari. A shimfiɗa tabarmi sababbi. Nama kuma, ya yi ƙasa da murya, ya dubi jan zakaran da ke tone-tone a gindin rumbu.

"Ka ɗauke idonka daga kan mijina na gaske," in ji Zinariya. "Shi kullum shina tashe ni salla. Kai sai an zuba maka ruwa."

"Ya tsuhwa, Kaka. Namanai ma sai an kwana ana dahwawa."

"To mi ka ke so da shi?"

"Baƙi ne. Kuma za su kawo kado."

"Wane ne kuma Kado?"

"Kyauta. Kowa shi kawo ma mai biki kyauta."

"Yauwa, yanzu kay yi magana. Wa yash sha wuya ranar? Uwarka ta yi naƙuda, ni na yanke cibi, na yi wanka, na kwana tsaye. Kai mi kay yi? Hitowa kawai kay yi kana ihu. Kyauta tawa ce, a kawo nan."

Tana faɗa tana harara, amma a zuci ta riga ta fara aiki. Shinkafa sai a jiƙa gobe da safe. Zuma akwai saura a ƙaramin tulu. Nono za ta tare Fulani a bakin gari. Mutanen da suke ciyar da jikanta a Tawa wata da watanni, ba za a ce ɗansu ya zo gidan Muhammadu ya koma da yunwa ba, ko da bikin na banza ne. Har ta fara tunanin wane zane za ta ɗaura, da inda za ta ajiye kujerarta a ɗakin don ta ga yadda wannan Rabo yake.

"Saura abu guda," in ji Tsoho. Yana wasa da tsinke a ƙasa. "In an gama girki, sai ki ɗan tahi gidan ƙawarki Dije ki huta."

"In huta."

"Hayaniya za ta yi yawa. Kuma abin na samari ne. A gidan su Rabo ba tsohuwar da taz zauna."

"Kakar Rabo ɓoye ta anka yi?"

"Ta rasu."

"To ni ina nan."

"Ba haka nika nuhi ba. Kin ga dai... ɗakin sai an share, an yi turare. Gabun ga shina kama kaya." Idonsa ya sauka a kan hannuwanta, waɗanda ganyen albasa ya rina kore har wuyan hannu, ya yi maza ya kau da kai.

Tsoho ya jira zagi, zagi bai zo ba, kuma wannan ya fi ba shi tsoro. Da waɗannan hannuwa ta goye shi lokacin da aka yaye shi, da su ta ɗaura masa ƙunshin gabu da ƙuli ranar da zai fara tafiya Tawa, yana kuka yana cewa ba zai je ba. Ta goge su a zane, ta dafa bango, ta miƙe.

Ta shiga ɗaki ta fito da babban kwando. Ta sa tandar masa a ciki. Ta sa tulun zuma, da ƙullin shinkafa, da tsamiya. Ta naɗe sababbin tabarmi biyu ta ɗora. Ta watsa tsaba a bakin ƙofa, jan zakara ya sheƙo, ta cafke shi kamar yarinya, ta ɗaure masa ƙafafu. Sannan ta ja ƙofa, ta datse kwaɗo, ta ƙulle mabuɗin a bakin zanenta.

"Kaka, ina za ki?"

"Gidan Dije. In huta."

"Ai jibi nic ce!"

"Gajiyar yau ta kama ni."

Ta yi gammo, ta ɗora kwandon, ta rungumi zakara a hammata. Hasana ta leƙo daga madafa. Da yake ɗan farinta ne, ko inda yake ba ta kalla ba, ta toshe baki da gefen mayafi ta koma ciki. Tsoho ya tsaya yana kallon bikinsa gaba ɗaya yana fita ta zaure a kan tsohuwa.

Ya bi ta da gudu.

"Kaka, tsaya mu yi magana."

"Ban san ka ba."

A bakin hanya dattawan unguwa na zaune jikin bango suna shan hantsi. Ɗaya ya ɗaga murya ya ce, "Zinariya, ina zuwa da kaya haka, ba ranar kasuwa ba?"

"Yaji niy yi! Mijina ya yi ilimi, ya ce ina warin albasa!"

"Ban ce ba!" in ji Tsoho.

"Zai kawo manyan mutane daga Tawa, ya ce in ɓuya kada in ɓata mai suna!"

Dattawa suka fashe da dariya. Wani ya ce in an sake ta a sanar da shi, yana ciki. Wani ya ce wa Tsoho albasar nan ita ta gina rabin Tamaske, ya bi a hankali. Kunnuwan yaron suka yi zafi duk da sanyin. Ya sha gabanta, ta kewaye shi. Ya kama kwandon, ta buge masa hannu, zakara ya taya ta da sara.

Dije, ƙawar Zinariya tun suna 'yan mata, tana ƙofar gidanta tana tsince wake. Ta ga tsohuwa da kaya, ta ga saurayi a baya yana haɗa hannuwa, ta gane komai ba a gaya mata ba.

"Maraba da 'yar yaji. Shigo, ɗaki na nan. Wanga ne mijin?"

"Shi ne. Dube shi, ko gemu babu."

Zinariya ta sauke kwandon, ta zauna a kan turmi, ta juya masa baya. Numfashinta na fita da ƙyar, don kayan sun fi ƙarfinta, amma ta gwammace ta faɗi da ta nuna.

Tsoho ya durƙusa a ƙasa.

"Kaka, na yi kuskure."

"Dije, kin ji ƙuda na magana?"

"Wallahi ba kunyarki nika ji ba. Bakinki nika tsoro. In kinka zauna za ki ba su labarina dut, su kai lakwal, in shekara ana min dariya."

"Bakin nawa ne ka rina hannu kore?"

Ya sunkuyar da kai.

"Har da wannan," ya ce a hankali. "Gidan su Rabo da siminti ne, suna ci da cokali. Na ji tsoron abin da za shi gani. Na yi wauta."

Ta juyo ta dube shi. Ta so ta ƙara masa, kalmomin ma suna bakinta, sai ta ga leɓensa na rawa kamar lokacin da yake ƙarami. Haushin bai tafi ba, amma ya sassauta.

"Yaron da za shi biyo motar kasuwa cikin ɗarin ga don shi zo wurinka, ba siminti za shi zo gani ba. Kai ne dai ba ka da wayo. Na rasa mi aka koya muku."

"To ki dawo."

"Haka kawai?" in ji Dije. "A garinku haka aka biko, hannu rabbana? Ina abin rarrashi?"

Tsoho ya sa hannu cikin rigarsa, ya zaro wani ɗan ƙunshin takarda da ya lanƙwashe don daɗewa a jiki.

"Na so in ba ki bayan biki. A kasuwar Tawa nig gan su."

Zinariya ta karɓa da yatsu biyu kamar abin zai cije ta. Ta warware. Safa ce ta ulu, shuɗiya, mai kauri. Ta juya ta, ta shinshina, ta miƙa wa Dije ɗaya ta taɓa, ta karɓe abarta. Sai ta zura hannun dama a ɗaya, na hagu a ɗaya, ta ɗaga su sama tana juyawa.

"Kaka, ta ƙahwa ce."

"Ƙahwata ta kawo maka ƙara?"

"Saboda kaushi. Na ga diddigenki na tsagewa."

"Ka ji mijin banza, a gaban mutane shina tona min asiri. Dije, ya isa biko?"

"Ni dai ko ɗaya ba a taɓa ba ni ba. Ki koma ɗakinki."

"Da sharaɗi." Ta nuna shi da hannu mai safa. "Kujerata na cikin ɗaki, kusa da wuta."

"Na yarda."

"Akuya na cikin ɗaki."

"Kaka..."

"Dije, buɗe min ɗakin nan."

"Na yarda! Na yarda!"

"Kai za ka ɗebo ruwa, kai za ka hwasa itace. Kuma labari guda zan ba baƙi. Guda tak, don kada su ce matarka kurma ce."

Ya ɗauki kwandon ya ɗora a kai, ya ji nauyinsa, ya dube ta da mamaki. Ta miƙa masa zakara. Suka kamo hanya, ita a gaba tana ɗaga wa dattawa shuɗɗan hannuwa kamar amaryar da aka yi wa lalle, shi a baya wuya na rawa.

"Guda kinka ce ko?"

"Guda."

"Ban da na hitsarin kwance."

"Ban da shi."

"Ban da na ranar da wanzami yaz zo nib ɓuya cikin rumbu."

"Ban da shi. Ni ba muguwa ba ce."

"Kuma don girman Allah ban da na jakin Tanko."

Zinariya ta tsaya cak a tsakiyar hanya. Ta juyo a hankali, idanunta sun kawo ruwa, kafaɗunta sun fara rawa.

"Jakin Tanko! Wallahi na manta da shi sarai!" Dariya ta ƙwace mata har sai da ta dafa bango. "Allah shi yi maka albarka, mai gida. Yi sauri mu je, zakaran ma na ba ka."